Rijiyar da Ta Fara Ba da Yashi

Ran hutun da ya wuce muna cin abinci a ɗakinmu na Sonapur, unguwar da aka tara mu leburorin ƙasashen waje, sai Nazifi ya ce shi addu'arsa ɗaya ce, Allah ya sa a mayar da shi sashen famfo, ya gaji da ɗaukar rodi a kafaɗa.

"Baba Haladu, ku ai kun haye," in ji shi. "Kujera, inuwa, shayi. Inji na aiki, kai kana gadinsa kada ya gudu."

Aka yi dariya. Wani daga saman gado ya ce in zan tafi hutu gida in bar masa kujerar, zai riƙe mini amana. Ban amsa ba, bakina cike yake da shinkafa. Amma tunda yanzu hannuna ya soma sabawa da biro, na ga gara in rubuta amsar, kowa ya karanta a lokacin da ya samu, wanda bai iya ba a karanta masa.

Aikinmu shi ne hana ruwa shiga rami. A garin nan, musamman kusa da gaɓa, in ka haƙa ƙasa kaɗan ruwan gishiri zai tarye ka. Su kuma masu gini suna son wurin ajiye motoci hawa biyu ko uku a ƙarƙashin ƙasa. Saboda haka kafin katafila ta sa haƙori, mu ne ke fara zuwa. Mu zagaye filin da rijiyoyin burtsatse, kowace da sumo, injin jan ruwa, a cikinta, mu yi ta janye ruwan har ya sauka ƙasa da inda za a haƙa. Daga ranar da muka kunna ba a kashewa. Ba Juma'a, ba Sallah, ba hutun tsakar rana da ake ba ku lokacin zafi. Sai gini ya tashi ya yi nauyin da zai danne ruwan da kansa, sannan a ce mana kalas, wato an gama. Mu ne farkon shiga fili, mu ne kusan ƙarshen fita.

Ni mutumin Kura ne. Injin ban-ruwa na tashi ina gyarawa a gonakin shinkafa da tumatir, don haka da na zo nan na ɗauka na san ruwa. Aka haɗa ni da wani dattijo Balushi, Usta Gulam, wanda ƙarar inji ta riga ta cinye masa kunne ɗaya. Watannin farko bai bar ni na taɓa spana ba. Aikina shi ne in bi layin bututu daga farko har ƙarshe, in ɗora tafin hannu a kan kowane tiyo, in dawo in gaya masa abin da na ji. In na ce duk lafiya, sai ya ce, "Yalla, koma." Sai da na daɗe sannan hannuna ya fara bambance tiyon da ke jan ruwa da wanda ke jan iska. Mai jan ruwa sanyi gare shi da nauyi, yana kwance shiru. Mai jan iska rawa yake yi kamar mai zazzaɓi, kuma in ka bar shi zai lalata wa sauran ƙarfinsu. Kunne ma na jin bambancin, shi ya sa ba ma sa abin jin waƙa a kunne. Ku tuna da wannan, ku masu son kujera.

Kayan aikin ba su da yawa. Spana, filaya, abin ɗaure tiyo, da wani tef mai ƙarfe a baki da ake zurawa cikin siririn bututu, in ya taɓa ruwa ya yi ƙara, ka karanta zurfin. Amma abin da Usta Gulam ya fi ba muhimmanci shi ne kofin shayi na gilashi, irin wanda ba shi da zane. Kullum yana aljihun rigarsa. Kowace rijiya yakan tari ruwanta a kofin, ya ajiye a kan bututu, ya ɗan jira, ya ɗaga ya duba gindin a hasken rana. Ranar da na tambaye shi me yake nema, ya ce da Larabcinsa na kasuwa:

"Habibi, ruwa aka ce mu fitar. Ba a ce mu fitar da ƙasa ba. In ka ga yashi a gindin kofin nan, daga ƙarƙashin wani abu ya fito. Ka nemi abin."

Ranar da ya yi ritaya ya tafi da nasa kofin. Ya ce in sayi nawa.

Waɗanda muke yi wa aiki ba masu kamfani ba ne, su ba mu taɓa ganinsu ba. Mutanen cikin rami ne: masu ɗaurin rodi irinku, kafintoci, da masu shimfiɗa baƙar ledar nan ta hana ruwa, waɗanda in danshi ya taɓa musu ƙasa aikin yini ya lalace. Muddin takalmansu a bushe suke, ba wanda ya san sunanka. Ranar da ruwa ya taɓa idon sawu, duk ramin zai ɗago kai yana kiran mai famfo da harsuna iri-iri, kuma ba gaisuwa ce ba.

Aikin da nake son ba ku labarinsa shi ne na tsohon wurin ƙera jiragen ruwa da ke bakin Khor, mashigin tekun da ya ratso cikin gari. Ranar da muka sauka daga bas, rumfunan kwano ne jere, wasu sun rufta. Ga haƙarƙarin wani jirgin katako da ba a ƙarasa ba, ga injinan jan jirgi sun yi tsatsa, ga layukan ƙarfe irin na dogo sun gangara sun shige cikin ruwa. Ƙasar wurin baƙa ce saboda mai. A bakin hanya an kafa babban allo da hoton abin da za a yi: dogayen gidaje, hanyar yawo a bakin ruwa, itatuwan dabino, yara a kan kekuna. Masu rusau suka share komai cikin ɗan lokaci. Amma abin da ke sama kawai suka share. Na ƙasa mu ya jira.

Ban taɓa haƙa rijiya a ƙasa mai wahala irin wannan ba. Injin haƙa zai nutsa lafiya, sai ka ji ya ci karo. A ciro, sai ga guntun katako mai kauri, ko sarƙa, ko ƙusoshi masu tsawon hannu da suka dunƙule wuri guda. Ruwan da ya fara fitowa warin dizal yake yi, sai da aka kawo tanki na musamman mai raba mai da ruwa kafin a yarda mu zubar. Gishiri kuma yana cin komai, ƙarfe, roba, har fatar hannu. Sannan ga teku a bayan katanga. Mu mutanen tudu ba mu tashi da sanin cewa ruwa na da lokacin zuwa da na komawa ba. A can teku yakan cika ya janye kowace rana, kuma ruwan ƙarƙashin ƙasa yana bin sa. In wata ya tsaya, ko ya cika ya yi da'ira, cikar takan fi ƙarfi. A wurin na koyi duban wata saboda aiki.

Abu ɗaya aka bari tsaye a duk filin, wani ɗan masallaci na maƙeran jirgi. Bai fi sahu uku ba. Da duwatsun teku da farar ƙasa aka gina shi tun da can, a kan yashi yake zaune kawai, ba ginshiƙi a ƙarƙashinsa. An ce a sabuwar unguwar shi za a bari don tunawa da masu wurin. Matsalar ita ce bakin raminmu bai da nisa da bangonsa, kuma ɗaya daga cikin rijiyoyinmu tana tsakani. Mukan ce mata rijiyar masallaci. Tana da nata tankin tace ruwa, ita kaɗai, a bayan bangon.

Mai kula da harkar ƙasa a aikin wata 'yar Kaduna ce, Injiniya Bilkisu. Ita ta kira ni cikin masallacin tun kafin mu kunna inji, ta nuna mini wata tsohuwar tsaga a kusurwar da ke kallon rami. Ta ɗauko ɗan siririn gilashi kamar yatsa biyu, ta manna shi a gicciye a kan tsagar, gefe ɗaya a wannan ɓarin, gefe ɗaya a wancan.

"Malam Haladu, bango ba ya gaya wa mutum yana motsi," in ji ta. "Amma gilashi ba ya miƙewa. In bangon nan ya gusa ko kaɗan, zai tsage. Tunda a nan kuke sallah, ka riƙa duba mini shi."

Haka muka yi. Kowace azahar da la'asar nakan duba. Aka haƙa ramin, aka zuba kankaren ƙasa, aka fara tayar da ginshiƙai, gilashin na nan lafiya.

Sai shekarar korona ta zo. Wannan ita ce muguwar shekara a sana'armu, ba don an rasa aiki ba, don aikin ya ƙi tsayawa alhali komai ya tsaya. Aka sa kulle. Aka killace wasu gine-gine a Sonapur, rabin mutanena suna ciki ba fita. Filin ya zama kango, ba kowa sai mai gadi da maguna. An rufe masallatai a duk gari, har da namu, aka sa kwaɗo, makullin yana ofis. Amma famfo ba a kashewa. Ramin a lokacin kamar babbar roba yake da aka danna cikin baho: ƙasa da gefe an rufe da kankare, sama ba nauyi. In ruwa ya dawo zai ɗaga shi ya farfasa. Kamfani ya samo mana izinin fita mu kaɗan, ya ce mu san yadda za mu yi. Kayan gyara ba sa zuwa. Tiyo in ya fashe sai mu yanke mu haɗa.

A nan Lawali ya shigo. Ba'adare ne daga wajen Tawa, ya girme ni kaɗan, leburan haƙa ne a kamfanin, kuma ginin da yake kwana ba a killace shi ba. Da aka tambayi wa ya san rijiya, ya ɗaga hannu. Kuma ya sani ɗin. Ubansa da kakansa mahaƙa rijiya ne, shi ma ya yi shekaru yana sauka da igiya cikin rijiyoyin da in ka leƙa ba ka ganin ruwan. Ya bar sana'ar ne da motocin burtsatse suka cika ƙasarsu, ba mai kiran mahaƙin hannu kuma. Mutum ne mai tsabtar aiki, ba ya zama. Na zagaya da shi, na nuna masa bawul da tef, na ba shi kofin gilashi, na ce in ya ga yashi ya kira ni.

"Dakor, shef," in ji shi, wato to, maigida, da Faransancin ƙasarsu. "Rijiya ai ɗiyar gidanmu ce."

Ba a jima ba aka tura ni wani fili a Warsan inda janareta ya lalace kuma ba kowa. Na yi kwanaki a can. Kullum ina kiran Lawali, yana cewa komai lafiya, ruwa ma ya ƙaru a rijiyar masallaci. Lokacin wata na dab da cika, ƙaruwar ruwa ba abin mamaki ba ce.

Ranar da na dawo, da hantsi, na bi layi da hannuna kamar kullum. Komai daidai, ya share wurin, ya goge injina, har ya jera spanoni bisa girma. Da na zagaya bayan masallaci sai na ga tulin yashi a gefen tanki. Fari, mai laushi, da gutsattsarin ɓawon katantanwar teku a ciki. An tara shi da kyau, an daddaɓe gefensa da bayan shebur. Ya kai mini ƙugu.

"Lawali, wannan daga ina?"

Ya taho yana murmushi, shebur a kafaɗa. "Ah, shef, ka gani ko? Rijiyar ga ta buɗe. Da can ruwa take ba da wa kamar mai ciwon maƙogwaro. Yanzu hwa tana yasar kanta. Ni kwashewa kawai nike daga tanki, safe da marece. Na ma ƙara mata bawul ta samu ta huce."

"Ina kofin da na ba ka?"

"Yana nan. Shayi nike sha da shi."

"Na ce in ka ga yashi a kofi ka kira ni."

"Bon, mi zan duba cikin kofi, Bakano, ga abu ina kwasa da shebur?"

Ba wauta ba ce, ku gane wannan. A garinsu rijiyar da ta fara kawo yashi idonta ne ke buɗewa. Yasa ake yi mata, a kwashe yashin, ruwa ya ƙaru, gari ya yi murna, a ba mahaƙi goro. Duk abin da ya gada ya gaya masa alheri ne yake gani. Kuma a wurinsu mahaƙi ba ya watsar da abin da ya fitar. Tara shi yake wuri guda don mai rijiya ya zo ya ga aikin da aka yi masa. Tulin nan ni ya tara wa.

Na kama hannunsa na kai shi kusurwar masallacin ta waje. Na nuna masa ƙasa, inda daɓen gefen bango ya ɗan rabu da ginin, har ɗan yatsa na shiga. Na ce, "A Adar me ke saman rijiya?"

"Ba komi. Daji."

"A nan fa?"

Ya dubi bangon, ya dubi tulin, ya sake duban bangon. Ya yar da shebur ya ruga wajen makunnin sumo zai kashe. Na daka masa tsawa ya tsaya. Wannan shi ne kuskure na biyu da sabon mutum ke yi, kuma ya fi na farko saurin ɓarna. In ka kashe rijiya guda farat ɗaya lokacin cikar teku, ruwa zai taso a wannan gefen ramin. Sai na sa shi a kan bawul ɗin, na ce ya riƙa rufewa shwaiya shwaiya, kaɗan-kaɗan, sai na ɗaga hannu. Ni kuma na buɗe wa rijiyoyin da ke dama da hagu ƙarfi su ɗauki kayanta, ina zura tef ina sauraron ƙara. Muka yi ta haka har rana ta take, sannan ruwan kofi ya fara fitowa garau. Daga nan na kira Injiniya.

Washegari ta samu izini ta zo, da takunkumi a fuska da makullin masallaci. Muka buɗe. Gilashin ya rabu biyu, ɓari ɗaya na manne a bango, ɗaya a kan kafet. Ta ɗaga kafet ɗin kusurwar, ta ƙwanƙwasa daɓen da dugadugin takalminta. Ƙarar ta fito kamar ta ganga.

Ta fita ta yi magana da mudir, shugaban aikin, a waya, muna jin muryarsa daga inda muke tsaye. Ya ce a soke bizar mutumin, ranar da aka buɗe filin jirgi ya tafi. Lawali ba ya jin Turanci, amma kalmar kansil kowa a Sonapur ya san ta. A shekarunsa ba kamfanin da zai sake kawo shi, kuma a gida ba rijiyar da ke jiransa. Ya tsaya hannu a baya.

Da ta gama ta dawo ta yi masa bayani da Hausa, ba ta ɓoye komai ba.

"Malam Lawali, na roƙa an ba mu zuwa tsayuwar wata. Akwai rami a ƙarƙashin kusurwar nan, za mu cike shi. Zan sa sabon gilashi. In ya wuce babbar cikar teku ta sabon wata bai tsage ba, zan rubuta cewa bango ya tsaya, kai ma ka tsaya. In ya tsage, sai an kwance wannan ɓarin masallacin, kuma ba ni da bakin da zan sake roƙa maka. Ka gane?"

"Na gane, Madam."

"Abin da ke damuna, ban san girman ramin ba. In na tura siminti kaɗan, ban cike ba. In na tura da yawa, na ɗaga daɓen na ƙara fasa bangon. Yashi nawa ya fita?"

Na nuna mata bayan tanki. Ta zagaya tulin, ta tsaya.

"Sauran fa? Wanda aka zubar?"

"Madam, ko cikin cokali ban zubar ba," in ji Lawali. Can ya tuna. "Sai wanda na cika bokitin gobara da shi. Na ga babu komi ciki."

"Ɗauko shi."

Ya ɗauko jan bokitin ya juye a kan tulin. Ta auna tsawo da faɗi da tef, ta yi lissafinta a waya. Ta ce da ya yi irin ta sauran leburori ya watsa shi cikin Khor, da sai dai ta yi canke.

Cikon ramin mu muka yi da hannunmu, don masu wannan aikin suna killace. Aka samo ƙaramin injin turawa. Muka huda ƙananan ramuka a karkace daga waje zuwa ƙarƙashin kusurwar, muka sa bututu. Siminti ake damawa ruwa-ruwa kamar koko, ba gudaji ko ɗaya, a tura a hankali ana kallon allurar geji. Lawali ne mai damawa. Ya hana kowa taɓa muciyar. Injiniya na ciki, tafin hannunta a kan daɓe, tana ce mini ci gaba ko dakata ta taga. Ƙasa ta yi ta sha kamar ba za ta ƙoshi ba. Can da abin da muka tura ya kusa kai girman tulin, allurar ta fara hawa. Ta ce, "Ya isa. Kashe."

Rijiyar kuma muka ciro sumonta. Da muka zura fitila muka ga abin da ya faru: gishiri ya ci rariyar da ke tace yashi, a daidai inda ta jingina da wani tsohon ƙarfen dogo da ke binne, ta yage. Muka cike rijiyar da tsakuwa da siminti. Maƙwabtanta suka ci gaba da ɗaukar kayanta har aka samu haƙa wata daga baya. Sabon gilashin a waje ta manna shi, ƙasa-ƙasa kusa da ƙofa, inda tsagar ta ɓullo, don mu riƙa gani ko masallaci na kulle.

Saura jira. Watan da muke jira shi ne watan azumi. Kowa a gari na duban sama don ya san ranar ɗaukar azumi, mu muna duba don ruwa. Lawali ya zagaye kusurwar da jan zare, ya hana mai gadi bi ta wurin da kekensa. Wata mage da ta saba kwanciya a inuwar bangon ya kore ta har ta daina zuwa. Bayan kowace sallah yakan durƙusa ya dubi gilashin, ba ya taɓa shi. Kofin kuwa ya wanke shi ya daina shan shayi da shi. Rijiyar da ake dubawa sau ɗaya, shi sau uku yake tarar ruwanta.

"Lawali, za ka ƙarar da ruwan Khor a kofi," na ce masa.

"Bar ni, shef. Wanda ya yi ɓarna ba ya gajiya."

Babbar cikar ta zo da rana, a farkon azumi. Ruwan Khor ya hau har ya kusa leɓen tsohuwar katangar gaɓa, yana lasar layukan ƙarfen a inda ba su saba jiƙewa ba. Tef ya fara ƙara tun bai yi nisa ba. Muka buɗe duk rijiyoyi, janareta na gurnani, ni ina gefen teku, shi yana gefen masallaci, ga ƙishirwa. Tiyo ɗaya ya fashe, muka yanke muka haɗa cikin ruwan gishiri. Bayan la'asar ruwan ya tsaya, sannan ya fara sauka. Muka jira har ya janye sosai. Sai muka tafi kusurwar tare. Lawali ya tsaya a bakin zaren ya ce ni in duba.

Na durƙusa. Gilashin na nan, ba ko layi. Na ɗauki hoto na tura wa Injiniya. Kafin a sha ruwa amsa ta zo: "Kalas. Ka gaya masa ya zauna."

Na gaya masa. Ya ce alhamdulillahi, ya tafi ya ɗora ruwan shayi.

Bayan an koma aiki gine-ginen suka tashi, hawa kan hawa, har ranar da aka ce nauyi ya isa. Ba a kashewa gaba ɗaya. Rijiya ɗaya yau, a jira a auna, wata bayan kwanaki. Ranar da muka kashe ta ƙarshe sai wurin ya yi shiru irin wanda ba mu taɓa ji a can ba, har kukan tsuntsayen teku muka ji. Muka ciro bututu, muka cike ramuka, masu daɓe suka zo suka rufe. A sana'armu ba abin da ke saura da za ka nuna wa ɗanka ka ce ni na yi. Kai mai rodi ko ginshiƙi ka nuna.

Bara, wata ranar hutu, ni da Lawali muka hau metro, jirgin ƙasan cikin gari, muka je ganin wurin. Ya zama kamar hoton allon. Shagunan kofi, dabino jere, mutane na gudu da gajerun wanduna a bakin ruwa. Haƙarƙarin jirgin nan da ba a ƙarasa ba, ashe ajiye shi aka yi, an shafa masa mai an kafa shi a tsakiyar fili, yara na hawa. Motoci na gangarawa cikin raminmu suna fitowa a bushe. Masallacin an yi masa sabon farin fenti da na'urar sanyi, an kafa katakon ajiye takalma a bakin ƙofa. Muka yi azahar. Da muka fito Lawali ya ɗan ja katakon takalman gefe, ya durƙusa. Masu fenti sun bi ta kan gilashin ba su cire ba. Ya kankare fentin da farce. Lafiyarsa lau.

Wani mai gadi ya taho yana tambayar me muke nema. Lawali ya mayar da katakon, ya miƙe, ya buga ƙafa sau biyu a kan daɓen kusurwar. Ƙarar ta fito a cike.

"Gaya mishi ba komi, shef," in ji shi. "Wurin ga ni na yashe shi, ni na cike. Dubawa nike ko yana nan."

Yanzu Lawali shi ke riƙe da layin rijiyoyi a sabon filin da muka fara, kuma ana neman mutum ɗaya a ƙarƙashinsa. Nazifi, na ba da sunanka. Watannin farko ba za ka taɓa spana ba, kujerar kuma ta mai gadi ce, aro muke yi. Bas na tashi bayan asuba. Ka bar abin kunnenka a ɗaki, ka zo da kofin gilashinka, marar zane.